Yatsa Biyu a Gindin Bindiga

BELKISA: Alo?

NEZIR: Alo. Alo, Belkisa? Salamu alaikum.

BELKISA: Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni? Muryarka kamar daga cikin rijiya. Kana ina?

NEZIR: Na hau tudun bayan maƙabarta. A gida sabis ɗin sai ya ga dama. Kin wuni lafiya, ɗana?

BELKISA: Lafiya lau. Ya ƙafa?

NEZIR: Tana nan, ita ta hawo da ni. Ya maigidan? Ya yaran?

BELKISA: Kowa lafiya. Sanel yana wajen aiki. Lamija kullum sai ta tambaye ka.

NEZIR: Ya garin naku na Graz? Sanyi ya sauka?

BELKISA: Ruwa dai tun shekaranjiya. Ya mutanen gari? Ya Gwaggo Zejna?

NEZIR: Zejna tana nan da bakinta. Jiya ta aiko min da burek, gashin fulawar nan mai nama a ciki, ta biyo bayansa ta tsaya a kaina sai da na cinye. Kina cikin motar ne, ɗana? Kar in sa ki zubar da mutane.

BELKISA: A'a, ina tasha, hutu nake. Saura minti ashirin in karɓi bas ɗin yamma. Baba, shekara arba'in, da 'ya'ya biyu, har yanzu ɗana?

NEZIR: To me zan ce? Haka ubana ya kira Zejna har ya koma ga Allah. Wane tsoho ne a garin nan ba ya ce wa 'yarsa ɗana?

BELKISA: Na sani, tsokanarka nake. Ya masara?

NEZIR: Aladun daji sun cinye rabi. Sun shiga ta wajen rafi, sun kwanta a ciki kamar gonar ubansu.

BELKISA: Ƙungiyar mafarauta ba ta fita ba?

NEZIR: Sun fita Lahadi.

BELKISA: Sun fita? Ba kun fita ba?

NEZIR: Iska ta yi yawa a nan, ban ji ki ba.

BELKISA: Ka ji ni sarai. Baba, kai da ba ka kira sai da salla, ka hau tudu da wannan ƙafar ranar Laraba. Me ya faru?

NEZIR: Ba komai. Na dai je wajen likita.

BELKISA: Lamija? Me ta yi?

NEZIR: Likita. Li-ki-ta. Don sabunta takardar bindiga. Ya tsayar da ni gaban haruffan nan na jikin bango. Babban na sama na gan shi, sauran kuwa kamar tururuwa. Na ce masa alade ai ba harafi ba ne, ya fi ƙofar ofishinsa faɗi. Bai yi dariya ba.

BELKISA: Ya hana ka takardar.

NEZIR: Ya hana. Ran Litinin zan kai bindigar tawa, 'yar famfo, ofishin 'yan sanda in miƙa.

BELKISA: Ayya, Baba. Sannu. Na san ba daɗi. Amma idon fa, me ya ce za a yi masa?

NEZIR: Bar maganar ido. Ba ita ta hawo da ni nan ba. Na yanke mata gindi.

BELKISA: Ka yanka me? Saniyar?

NEZIR: Wace saniya kuma? Bindigar. Na yanke gindin bindigar.

BELKISA: Wane gindin? Ba dai wanda ka sassaƙa da bishiyar tsakar gida ba?

NEZIR: Shi.

BELKISA: Icen da ko Mama ba ka yarda ta goge masa ƙura?

NEZIR: Jiya da hantsi. Na ɗaure shi a teburin aiki, na sa ƙaramin zarto. Yatsa biyu na cire. Na manna masa roba mai laushi a ƙarshe, irin ta zamani, mai shanye shuri.

BELKISA: Bindigar da za ka miƙa Litinin? Don me?

NEZIR: Akwai wani zane a jikin icen. An yi shi da ƙusa. Kin tuna?

BELKISA: Na tuna.

NEZIR: A kansa na bi. Ban kauce ko gashi ɗaya ba.

BELKISA: Baba, shekara ashirin da uku ke nan.

NEZIR: Na ƙirga. Kin sa gindin a lanƙwasar hannunki kamar yadda kika ga muna awo, yatsanki bai kai kunama ba. Kika ɗauki ƙusa kika zana, kika ce in rage miki daga nan. Ni kuma na ce ba a yanka icen nan don wasan yara.

BELKISA: Ba haka ka ce ba. Cewa ka yi mutum ke girma ya kai bindiga, bindiga ba ta sunkuyo wa kowa.

NEZIR: Haka na ce?

BELKISA: Haka ka ce. Kana shan kofi, ko kallona ba ka yi ba.

NEZIR: To maganar banza ce. Na san ta banza ce tun ina faɗarta. Ramiz na ƙungiyarmu gajere ne, ni na rage masa tasa da hannuna. Rabin bindigogin ƙungiyar nan sun bi ta teburina. Wannan a rage, wancan a ƙara, wani a ɗaga masa wajen kumatu. Ko rigar sanyi mutum ya canza nakan ce ya dawo mu sake awo. Taki kaɗai na ƙi.

BELKISA: To yanzu me kake so?

NEZIR: Ki zo Asabar. Mu je filin gwaji na ƙungiya, ni da ke, babu kowa. Ki harba sau ɗaya kafin su karɓe ta. Na sayo harsashi mara nauyi, na makwarwa, mai koren kwanso. Kamar a dafa miki kafaɗa, shi ke nan.

BELKISA: Kore.

NEZIR: Kore. Belkisa, akwai abin da... alo? Kina nan?

BELKISA: Ina nan.

NEZIR: Ran nan, da kika harba a gaban mutane. Kin ɗauka ke ce kika kasa. Ba ke ba ce. Abin da na sa a ciki ba na tsuntsu ba ne.

BELKISA: Ja ne. Na alade, dunƙule guda, mai dogon kwanso.

NEZIR: Wa ya faɗa miki? Ramiz?

BELKISA: Ba wanda ya faɗa min. Baba, wa ke jera maka harsasai a ɗamara duk daren farauta tun ina 'yar shekara tara? Kore hagu, ja dama. Da na faɗi, ka ɗauki bindigar ka zuge ta, kwanson ya yi tsalle ya faɗo cikin ciyawa dab da fuskata. Ina kwance ina kallonsa. Har hayaƙi yake.

NEZIR: Tun ran nan kin sani.

BELKISA: Tun ran nan.

NEZIR: Ba ki taɓa cewa komai ba.

BELKISA: Kai nake jira ka ce.

NEZIR: Ai mamanki ce, Allah ya ji ƙanta, ta dame ni. Bayan abin da muka gani a shekarun yaƙi ba ta son ganin ƙarfe a hannunki, kullum...

BELKISA: Kar ka sa Mama a ciki. Ba ta nan balle ta kare kanta. Mama ce ta yanke min rigar farautarka tsohuwa ta ɗinka daidai ni.

NEZIR: Gaskiya ne. Allah ya yafe min. Ba ita ba ce.

BELKISA: To wa?

NEZIR: Ni ne. A gidan kofi suka sa ni gaba. Wai Nezir bai samu namiji ba, zai kawo mana yarinya layin mafarauta, sai mu riƙa zuwa da madubi. Sati uku ana abu ɗaya. Sai na ce a raina, bari ta ji shurin sau ɗaya, ta tsorata, ta bari da kanta, ba sai na hana ta ba. Na ɗauka 'yar tangaɗi za ki yi, ki yi fushi kwana biyu. Ban yi lissafin gindin ya yi miki tsawo har haka ba.

BELKISA: Ka yi lissafi. Kai ne mai awon gari.

NEZIR: Na yi. Na ga ya zame daga kafaɗa ya zauna miki a dantse. Na ga kin ja baya da ƙirji don ki iya ɗaga bakin. Na ga kumatunki bai taɓa ice ba. Duk na gani.

BELKISA: Kuma me ka ce min?

NEZIR: Ban tuna ba.

BELKISA: Kalma ɗaya. Ja. Shi ke nan. Na waiwayo ina jiran ka gyara min tsayuwa yadda kake gyara wa kowa, sai kawai ka ce in ja kunama.

NEZIR: Na'am.

BELKISA: Ka san ba ciwon ne ya kore ni ba? Ciwo ai ya saba da ni, ni da nake faɗowa daga kan bishiyar tuffa kullum. Dariyar ce. Su ban damu da tasu ba. Na ɗago da jini a baki ina neman fuskarka, na tarar kai ma kana yi.

NEZIR: Ban san abin da zan yi da fuskata ba.

BELKISA: Kullum ɗana, ɗana. Kawo guduma ɗana, riƙe min katako ɗana. Ran da na ɗauki maganar da gaske, ran nan ka tuna ni mace ce.

NEZIR: Gaskiyarki ce. Na yi ta juya maganar a teburin aiki shekara da shekaru, ban samo abin kare kaina ba. Na cuce ki, kuma na ji kunyar faɗa. Shi ya sa nake cewa ki zo. Wallahi yanzu ta yi daidai ke. Na ma ɗaga wajen kumatun da fata, don fuskarki siririya ce irin ta mamanki.

BELKISA: Baba.

NEZIR: Motar dare tana isowa nan birnin Tuzla da safe, Ramiz zai ɗauko ki. Ya ce shi ma yana da abin da zai ce miki.

BELKISA: Baba, tsaya. Ba zan iya ba.

NEZIR: Ba za su ba ki hutu ba? Ki ce musu ubanki ba lafiya, ai ba ƙarya ba ne, ga takardar likita.

BELKISA: Ba hutu ba ne. Ka tuna bara da bazara, da na ce maka mun tafi bakin teku sati uku, wayata ta lalace?

NEZIR: Na tuna. Ko hoto ba ki aiko ba.

BELKISA: Asibiti nake. Aiki aka yi min a kafaɗa.

NEZIR: A ina? Layin ya... a ƙafa?

BELKISA: Kafaɗa. Ta dama. Tun ran nan ba ta zauna ba. Tsohuwar nan mai ɗori da ka kai ni wajenta ta mayar da ita, amma abin da ya yage a ciki bai haɗe ba. Sau shida tana gocewa. Sau ɗaya ina shanya, sau ɗaya ina ɗaga Lamija daga wanka. Yanzu ƙusoshi biyu ne a ciki. Likitan ya ce tuƙi ba laifi, amma duk abin da zai doke ta, ko ƙanƙani, in manta da shi har abada.

NEZIR: Ko kore?

BELKISA: Ko kore, Baba.

NEZIR: Ban kai ki asibiti ba ran nan.

BELKISA: Ba ka kai ni ba.

NEZIR: Tsoro na ji kar su tambayi yadda aka yi, su karɓe takardar.

BELKISA: Na sani.

NEZIR: Ga shi sun karɓe.

BELKISA: Baba? Kana nan?

NEZIR: Na zauna ne. Akwai dutse a nan. Me ya sa ba ki faɗa min ba?

BELKISA: Da na faɗa, sai ka tambayi dalili, sai in faɗa maka. Ban so in zama ni na fara ba.

NEZIR: Jiya da na gama, na ɗaga ta in gwada. Babban yatsana ya zo min har hanci. Da zan harba, da hancina zan fasa. Ta yi min gajarta, ke kuma ba ki iyawa. Na zauna na ɓata ice, bai dace da kowa ba.

BELKISA: Guntun da ka yanke fa?

NEZIR: Yana aljihuna. Ban san dalili ba, tun jiya nake yawo da shi. Rabin zanenki yana jikinsa.

BELKISA: Takardar nan, me aka rubuta a ciki? Lambar ina ce?

NEZIR: Lambar ƙarfe mana. Tana jikin uwar bindigar.

BELKISA: To ƙarfe za su karɓa, ba ice ba. Ka kwance gindin. Tsohon da ta zo da shi daga kamfani yana nan?

NEZIR: Yana saman rumbu, cikin buhu.

BELKISA: Ka mayar mata da shi ka kai musu. Wancan da ka rage nawa ne. Da guntun.

NEZIR: Me za ki yi da gindi babu bindiga?

BELKISA: Ina ruwanka? Nawa ne, da awona aka yanke shi.

NEZIR: In ba mai mota ya kawo miki?

BELKISA: Kar ka ba kowa. Ka ajiye.

NEZIR: Ke nan za ki zo.

BELKISA: Ban ce ba. Ka ajiye kawai.

NEZIR: To. Zan shafa masa mai. Belkisa, matar nan ta cikin waya ta yi magana, wai katin ya kusa ƙarewa. Ki gaishe min da...

BELKISA: Tsaya. Saura nawa?

NEZIR: Minti biyu, in ba ƙarya take ba.

BELKISA: To faɗa min.

NEZIR: Me?

BELKISA: Abin da ya kamata ka faɗa min ran nan. Yadda kake faɗa wa kowa. Ga laima doguwa a nan wani ya manta, na ɗauka. Na sa wayar a kan tebur.

NEZIR: Haba, a tasha? Mutane ba sa kallonki?

BELKISA: Su kalla. Kana cin minti.

NEZIR: To. To. Miƙe tsaye. Ƙafar hagu gaba, kamar taki ɗaya. Kar ki ƙame gwiwa, sake ta kaɗan.

BELKISA: Na yi.

NEZIR: Yanzu kawo nauyinki gaba, kamar za ki tura ƙofar rumbu da ta kumbura. Hancinki ya zo saman yatsun ƙafa. Duk wanda ya ja baya don gudun shuri, shi ta fi duka.

BELKISA: Na zo gaba.

NEZIR: Ɗaga gwiwar hannun dama a hankali. In ya yi zafi ki bari.

BELKISA: Ba ya wuce nan, amma ya kai.

NEZIR: Taɓa da ɗaya hannun, tsakanin ƙashin wuya da kan kafaɗa. Akwai wani ɗan rami mai nama. Kin ji shi?

BELKISA: Nan tabon yake.

NEZIR: Nan... to. Nan ne gidanta. Ba dantse ba, ba kan ƙashi ba. Zaunar da gindin a nan, ya manne, kar ki bar ko iska tsakani. In akwai rata, sai ta taho da gudu ta same ki. In babu, tura ki kawai za ta yi, ku tafi tare ku dawo tare.

BELKISA: Ya manne.

NEZIR: Kar ki kai kanki wajen ice, kawo icen wajen fuskarki. Kumatu ya kwanta sosai. Tsakanin babban yatsa da hanci a samu yatsa biyu, ko uku. Awon gaskiya ke nan. Na lanƙwasar hannun nan da muke yi, kusa-kusa ne kawai.

BELKISA: Laimar tana warin ruwa.

NEZIR: Yi haƙuri da ita. Yanzu hannun dama ya jawo ta jikinki, na hagu ya riƙe icen famfon da ake zugewa ya ɗan tura gaba, kamar kina son miƙe ta. Rabin shurin a nan yake mutuwa. In ta tashi kuma kar ki ɗaga kai ki leƙa. Bar shurin ya taya ki zugewa, baya har ƙarshe, gaba har ƙarshe, kar ki yi mata rabi.

BELKISA: Baya har ƙarshe, gaba har ƙarshe.

NEZIR: Yauwa. Ido biyu a buɗe. Me kike kallo?

BELKISA: Agogon bango.

NEZIR: Yana rawa?

BELKISA: A'a. Ya tsaya cak.

NEZIR: Kin gani? Minti ɗaya. Abin da na hana ki ke nan, minti ɗaya. Dama hannunki ya fi na Ramiz nutsuwa, tun kina ƙarama na lura, ban taɓa faɗa ba. Yauwa, ɗana. Yauwa, 'yata. Yanzu ja numfashi, saki rabi, sa yatsa a kan kunama a hankali, sai na ce miki...

BELKISA: Na sa.

BELKISA: Baba, na sa. Ina jinka.

BELKISA: Alo? Baba?

BELKISA: Ban sauke ba fa. Ba ka ce in ja ba.